JANIBA: HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA NE

A tsakiyar ƙasashen Turai akwai wata 'yar ƙaramar ƙasa mai yawan duwatsu da ake kira Suwizalan. A can ƙuryarta ta kudu maso yamma, inda wani babban tafki mai suna Leman ya tsuke ya zama kogi, nan birnin Janiba yake. Ba shi ne babban birnin ƙasar ba, Bern ce take da wannan matsayi. Ba shi da girma kuma, gama mutanen cikin gari kamar 200,000 ne, watau bai kai Jos ko Zariya ba. Amma duk mai sauraron labarun duniya a rediyo ya san sunansa, domin da wuya mako ya wuce ba a ce an yi wani taro a Janiba ba, ko a kan yaƙi, ko cuta, ko 'yan gudun hijira, ko ciniki.

Ya ku masu karatu, saboda 'ya'yanmu ne za mu kai ziyara wannan birni a wannan wata. Yau a gidaje da yawa akwai saurayi ko budurwa da suka gama jami'a, suka gama bautar ƙasa, suna zaune da takarda a hannu. Waɗansu sun ji labarin cewa Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar ƙananan jami'ai masu kula da al'amuran matasa, sun sa ransu a kai. Iyaye kuwa ba su san abin da za su ce ba, ko su ƙarfafa su, ko su hana su. To, bari mu zaga birnin tare, mu ga ofisoshin, mu ga ƙofofin da matasa ke shiga, da faɗinsu da ƙuncinsu.

Daga Tasha Zuwa Fadar Al'ummai

Wanda ya sauka a filin jirgin sama na Janiba, jirgin ƙasa zai kai shi babbar tashar gari, wadda ake kira Cornavin, cikin minti bakwai. Faransanci ake yi a nan, kuma ƙasar Faransa ta kusa kewaye yankin ɗungum. Iyakarsa da Faransa ta yi kilomita 100, amma inda ya manne da sauran ƙasar Suwizalan bai kai kilomita 5 ba. In ka gangara bakin tafki za ka ga ruwa yana tsiri sama kamar farar hasumiya, tsawonsa mita 140. Injina ne ke tura shi, lita 500 a kowace daƙiƙa. In gari ya yi garau ana hangen dutsen Mont Blanc da farar ƙanƙara a kansa. Da damunarsu ta sanyi kuwa akwai wata iska da ke busowa daga arewa maso gabas, hunturunmu na watan Janairu wasa ne a kanta.

Daga tasha sai ka shiga tarago mai lamba 15, wanda ke bin dogo a tsakiyar titi, ya kai ka wani babban fili. Abin da za ka fara gani shi ne wata shirgegiyar kujerar katako mai tsawon mita 12, ƙafarta ɗaya a karye. An kafa ta a 1997 domin tuna wa shugabanni mutanen da nakiyoyin da ake binnewa a ƙasa suka guntule wa ƙafafu. Daura da ita akwai ƙofa, bayan ƙofar kuma layin tutoci na ƙasashe 193 na Majalisar, da na 'yan kallo biyu. Tutar Nijeriya da ta Nijar suna ciki, gama dukansu sun shiga a 1960.

Ginin da ke bayan tutocin shi ne Fadar Al'ummai. An gina shi tsakanin 1929 da 1938 domin tsohuwar ƙungiyar ƙasashe da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Waccan ƙungiya ta kasa hana yaƙi na biyu, ta rushe, aka miƙa ginin ga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1946. Hedkwatar Majalisar tana Niyu Yok ta Amurka, amma wannan fada ita ce babban ofishinta na Turai. Tana cikin wani lambu mai faɗi inda ɗawisu ke yawo abinsu ba mai tsangwamarsu. Kowace safiya za ka ga ɗaruruwan mutane, farare da baƙaƙe, da katin shaida rataye a wuya, suna shiga da sauri. Da yawa daga cikinsu ba su kai shekara 35 ba.

Wane Ne Matashi, Kuma Mene Ne Aikin?

A lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, matashi shi ne mai shekara 15 zuwa 24. Irin waɗannan sun kai kamar biliyan 1.2, watau kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya. Tarayyar Afirka kuwa, a yarjejeniyar matasa da ta amince da ita a Banjul a 2006, ta ce daga 15 ne zuwa 35.

An daɗe ana maganar matasa a Majalisar. An keɓe 1985 ta zama shekarar matasa ta duniya. A 1999 aka tsai da 12 ga Agusta ta zama ranarsu. A Disamba 2015 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250, wanda ya ce a riƙa sa matasa cikin aikin sulhu da zaman lafiya. A 2013 aka fara naɗa manzo na musamman kan matasa, Ahmad Alhendawi na Jodan, a 2017 kuma Jayathma Wickramanayake ta Siri Lanka ta gaje shi. Sa'an nan a Satumba 2022 Babban Zauren Majalisar ya kafa Ofishin Matasa sukutum a Niyu Yok. A 2023 aka ba wani likita ɗan Yurugwai, Felipe Paullier, shugabancinsa yana da shekara 32.

To, amma aikin matasa bai tsaya a ofis guda ba, ya warwatsu ne cikin hukumomi, da yawansu kuwa a Janiba suke. Daga kujerar nan mai karyayyar ƙafa, da ƙafa ma za ka iya zaga su. Ga Hukumar 'Yan Gudun Hijira, wadda tun 1992 take da wani shiri da Jamus ke biya, na kai 'yan gudun hijira jami'a. Ita ce kuma ke kula da sansanoni irin na Minawao a arewacin Kamaru, inda dubban 'yan'uwanmu daga jihar Barno suka fake tun 2013. In ka haura tudu, ga Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919. A 2022 Gilbert Houngbo, tsohon firayim ministan Togo, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabance ta. Ita ce ke jagorantar shirin samar wa matasa aikin kirki da aka ƙaddamar a 2016. Rahotonta na 2024 ya nuna cewa matashi ɗaya cikin biyar a duniya ba ya aiki, ba ya makaranta, ba ya koyon sana'a, kuma biyu cikin uku na waɗannan mata ne. Gaba kaɗan ga Hukumar Lafiya ta Duniya, mai sashen kula da lafiyar 'yan shekara 10 zuwa 19. A bakin tafki kuma ga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Ngozi Okonjo-Iweala ta hau shugabancinta a Maris 2021.

Ƙaramin jami'i a irin waɗannan ofisoshi ba shi ne ke hawa mumbari ya yi jawabi ba. Aikinsa shi ne ya tattara alƙaluma daga ƙasashe, ya rubuta daftarin rahoto, manyansa su gyara, ya sake rubutawa. Shi ne ke rubuta abin da aka faɗa a taro, ya shirya zuwan wakilan matasa, ya bi diddigin kuɗin da aka ba wata ƙungiya ya ga ko an yi aikin. Aikin alƙalami ne da haƙuri. Amma kada a rena shi, gama layi guda da aka sa ko aka cire a cikin rahoto yakan zama dalilin buɗe makarantar koyon sana'a a wani ƙauye, ko rufe ta.

Ƙofofi Huɗu

Ƙofa ta fari ita ce shirin ƙananan jami'ai, wanda ake taƙaita sunansa da JPO. Ƙasar Holan ce ta fara shi a 1954 tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona da ke Roma, a 1961 kuma Majalisar ta amince da shi a hukumance. Ga yadda yake: gwamnatin wata ƙasa ce ke biyan albashin matashin da dukan ɗawainiyarsa, hukumar kuma ta ba shi tebur da aiki da mai koya masa. Yawanci ana ɗaukarsa a mataki na P-2, watau kusa da gindin tsani, wanda ya tashi daga P-1 zuwa P-5, sa'an nan daraktoci. Akan ba shi shekara guda, a sabunta har zuwa biyu ko uku. Yawanci ana neman digiri na biyu, da ƙwarewar aiki ta shekara biyu, da shekarun haihuwa da ba su wuce 32 ba, ko da yake kowace ƙasa da nata sharaɗi. Waɗansu a Janiba ko Niyu Yok ake ajiye su, waɗansu kuwa a tura su ofisoshin ƙasashe kamar Abuja, Yamai, Dakar ko Nairobi.

A nan gizo yake saƙa. Tun da gwamnati ce ke biya, kowace ƙasa 'ya'yanta take turawa. Saboda haka 'yan Jamus, Japan, Faransa, Italiya, Sin da Koriya ta Kudu sun fi yawa a wannan ƙofa. Waɗansu ƙasashe, musamman Holan, sun sha ɗaukar nauyin matasa daga ƙasashe masu tasowa, amma guraben kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Ga shi kuma ba a yi wa kowa alkawarin aiki bayan wa'adinsa ya cika ba. Dole ya nemi gurbi ya yi takara kamar kowa.

Ƙofa ta biyu jarrabawa ce, ana kiranta YPP. Sakatariyar Majalisar ce ke shirya ta domin ƙasashen da ba su da isassun ma'aikata a cikinta. Ana so mai nema ya kasance da digiri na farko, bai wuce shekara 32 ba, ya kuma ƙware a Ingilishi ko Faransanci. Jerin ƙasashen da za su shiga yakan canja daga shekara zuwa shekara, haka ma fannonin da za a yi jarrabawar a kansu. Wanda ya ci, sunansa ake sawa a jerin masu jiran gurbi.

Ƙofa ta uku ita ce aikin sa kai. An kafa hukumarsa, UNV, a 1970, tun 1996 kuma hedkwatarta tana Bon ta Jamus. Ba albashi ake biya ba, kuɗin ci da masauki ne. Alherin wannan ƙofa shi ne mutum yana iya shiga ta a ƙasarsa, a Maiduguri ko Yola ko Maraɗi, ba sai ya ƙetare teku ba. Tarayyar Afirka ma tana da nata shirin matasa 'yan sa kai, wanda aka ƙaddamar a Abuja a Disamba 2010, ana tura matashi wata ƙasar Afirka ya yi hidimar shekara guda.

Ƙofa ta huɗu ita ce koyon aiki na 'yan watanni, ga ɗalibai da waɗanda ba su daɗe da gamawa ba. Hukumar Ƙwadago da ta Lafiya sukan ba da ɗan alawus. Amma Sakatariyar Majalisar ta daɗe ba ta biyan masu koyon aiki ko anini, wannan kuwa ya kawo mu ga maganar tsadar gari.

Tsadar Gari Da Girgizar Ofisoshi

Janiba tana cikin birane mafi tsada a duniya. A Satumba 2020 mutanen yankin suka kaɗa ƙuri'a cewa kada a biya ma'aikaci ƙasa da faran 23 na Suwizalan a awa guda. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka farashin ɗaki da burodi. Shi ya sa ƙananan ma'aikata da yawa suke kwana a garuruwan Faransa na kan iyaka, kamar Ferney-Voltaire da Annemasse, su shigo da bas ko keke da safe. A Agusta 2015 jaridun duniya sun cika da hoton wani saurayi ɗan Niyu Zilan mai shekara 22, mai koyon aiki a Majalisar, yana kwana a tanti kusa da tafki. Daga baya ya bayyana cewa ya shirya abin ne domin duniya ta gani. Duniya kuwa ta gani: aikin da ba a biya, ɗan mai hali kaɗai ke iya yinsa.

Ban da tsada, ofisoshin kansu sun girgiza. A Janairu 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a kan takardar fitar da ƙasarsa daga Hukumar Lafiya, aka kuma yanke kuɗin taimakon ƙasashen waje ƙwarai. Ran 1 ga Mayu 2025 ɗaruruwan ma'aikatan Majalisar suka taru a gindin kujerar nan suna kukan korar da ake yi musu. A watan Yuni na shekarar Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta ce za ta soke gurabe kamar 3,500. Wanda ya ɗauka aikin Majalisar inuwa ce da rana ba ta taɓa cimma, to, ya sake tunani.

Tsohon Gari

Kafin mu bar Janiba, bari mu ƙetare kogin Rhône mu hau tudun tsohon gari. Titunan ƙanana ne, an daɓe su da duwatsu. A bisa tudun ga babbar majami'ar Bitrus, inda John Calvin ya yi wa'azi bayan zuwansa birnin a 1536, har yau kuma kujerarsa tana ciki. A cikin wannan gari aka haifi Henry Dunant a 1828. Yana saurayi ya riƙa tara abokansa suna ziyartar matalauta da 'yan kurkuku. A 1852 suka kafa ƙungiyar samari Kirista ta YMCA reshen Janiba, a 1855 kuma, yana da shekara 27, yana cikin waɗanda suka haɗa ƙungiyoyin YMCA na ƙasashe a Faris. A 1859 ya ga dubban sojoji masu rauni an yashe su a filin yaƙin Solferino a Italiya, ya tara matan ƙauye suka yi jinyarsu. Daga nan ne Red Cross ta samo asali a 1863. Babu wanda ya ba shi takardar ɗaukar aiki kafin ya fara.

Haka yake ga na zamaninmu. Felipe Paullier ya shugabanci hukumar matasan ƙasarsa tun 2020 kafin a kira shi Niyu Yok. Jayathma ta fara ne da wakiltar matasan Siri Lanka. Kowannensu a gida ya fara, aka ga aikinsa.

Abin Da Za Mu Yi A Gida

Na ɗaya, harshe. Harsunan Majalisar shida ne: Ingilishi, Faransanci, Larabci, Sifananci, Rashanci da Sinanci, amma da biyun farko Sakatariya take aikin yau da kullum. Mu a Nijeriya maƙwabtanmu Nijar, Benin, Chadi da Kamaru duk suna Faransanci, duk da haka yaranmu suna gudun ajinsa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma su riƙe Ingilishi da kyau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, rubutu. Yaron da ba ya iya rubuta shafi guda mai tsabta, mai kai da gindi, ba zai daɗe a tebur a Janiba ba. Mu malamai da iyaye mu sa su karatu da rubutu da lissafi, su kuma saba da kwamfuta.

Na uku, hidima. Shekara biyun nan na ƙwarewa da ake nema, a gida ake samunsu: koyarwa a sansanin 'yan gudun hijira, aiki da ƙungiyar da ke koya wa 'yan mata sana'a, riƙe littafin kuɗin ƙungiyar matasa da aminci, zama tsakanin samarin unguwanni biyu da suka yi faɗa. A riƙa karɓar takardar shaida, a rubuta abin da aka yi, da mutum nawa suka amfana. 'Yan mata kuma kada a bar su a baya, gama tallan guraben Majalisar sukan ƙarfafa mata su nema.

Na huɗu, hattara da mazambata. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko kwabo a wurin mai neman aiki, ko na fom, ko na ganawa, ko na horo. Ana tallan gurabenta a fili a shafunanta na intanet, kowa ya nema da kansa. Duk wanda ya aiko saƙo ta WhatsApp ko Facebook ya ce a biya shi zai samo wa ɗanku gurbi, ɓarawo ne, ko da tambarin Majalisar ya sa a kan takardarsa. Kada a sayar da gona ko shanu saboda irin wannan alkawari.

Ba mu ce kada yaranmu su nema ba. Mutanen ƙasarmu sun zauna a manyan kujerun Majalisar. Joseph Garba na Langtang ya shugabanci Babban Zaure a 1989, Tijjani Muhammad-Bande na jihar Kebbi a 2019, a 2017 kuma aka naɗa Amina Mohammed mataimakiyar Babban Magatakarda. Ana bukatar matasan da suka san yunwa da gudun hijira da zaman banza da idonsu, su zauna inda ake rubuta rahoto a kan waɗannan abubuwa. Wanda ya cika sharuɗɗa ya nema, in bai samu ba ya sake nema, sannu ba ta hana zuwa. Amma kada ya naɗe hannu yana jiran Janiba. Matasan da ake taro dominsu a Fadar Al'ummai suna nan a bakin kasuwarmu da tashar motarmu, wanda ya fara yi musu hidima yau kuwa ya riga ya shiga aikin.

Allah ya ba 'ya'yanmu hikima da aikin yi, ya ba iyaye haƙuri. Sai mun sadu a wata mai zuwa.